BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER DA ALAMUN TARIHI NA GARIN LAKWAJA

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Abuja zuwa kudancin ƙasar nan ya san Lakwaja. A nan direbobi sukan tsaya a ci abinci, a sayi busasshen kifi, sa'an nan a ci gaba da tafiya. Kaɗan ne daga cikin matafiya sukan shiga cikin gari su ga abin da ke ciki. Alhali kuwa da wuya a sami wani gari a Nijeriya da ya tara alamun tarihi kamar wannan, wanda ke zaune a mahaɗar Kogin Kwara da Kogin Binuwai.

A bisa Dutsen Patti akwai ɗan gidan hutawa da ake dangantawa da Gwamna Lugga. A cikin gari akwai ginshiƙin da ke nuna wurin da aka sauke tutar Kamfanin Royal Niger, aka ɗaga ta Ingila, ran 1 ga Janairu, 1900. Akwai hasumiyar tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai makabartar Turawa. Akwai kuma kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kai can, irin su Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya rasu a 1924, da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926.

Amma akwai wata alama da ta fi waɗannan duka ƙanƙanta. Wasu ƙarafa ne guda biyu a harabar makarantar firamare ta Holy Trinity, waɗanda ake kira Ƙarfen 'Yanci. Mutanen gari suna ba da labari cewa a zamanin dā duk bawan da ya gudo ya taɓa su, ya zama ɗa. Ita kuwa makarantar an kafa ta a 1865, watau shekara 35 kafin Lugga ya ɗaga tutarsa, kuma ita ake ɗauka a kan firamare ta farko a Arewacin Nijeriya. Wanda ya kafa ta baƙin mutum ne kamarmu, wanda shi kansa an taɓa sayar da shi a kasuwa. Tarihinsa muke so mu kawo muku a wannan fitowa.

HAIHUWARSA DA KAMA SHI

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a Osogun, wani gari na ƙasar Yarbawa kusa da Iseyin, cikin Jihar Oyo ta yanzu. A lokacin nan daular Oyo tana wargajewa, yaƙi ya cika ƙasa, farautar bayi ta zama sana'a. Wata rana da safe a 1821 mahara suka auka wa garinsu, suka sa masa wuta, suka kama Ajayi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu. Shekarunsa ba su wuce na ɗalibanmu na aji ɗaya ba. Daga ranar nan bai ƙara ganin mahaifinsa ba.

Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa. An taɓa musanya shi da doki. Daga wannan hannu zuwa wancan, daga wannan kasuwa zuwa waccan, har aka kai shi Ikko, inda fatake 'yan ƙasar Fotugal suka saye shi, suka sa masa sarƙa. A watan Afrilu na 1822 aka zuba su cikin jirgin ruwa domin a haye da su teku. Amma tun 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, jiragen yaƙinta kuwa suna sintiri a bakin tekun Afirka ta Yamma. Jirgin bai yi nisa ba suka tare shi. Shugaban jirgin yaƙin da ya ɗauki Ajayi shi ne Kyaftin Henry Leeke. Ku riƙe wannan suna, za mu sāke gamuwa da shi. A watan Yuni na shekarar aka sauke yaron a Saliyo, inda ake zaunar da waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi.

KARATU A SALIYO

A Saliyo 'yan mishan na C.M.S. suka karɓe shi. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin ikilisiya na birnin Landan. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya zama malamin makaranta, ya auri Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan. Ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta.

Saliyo ta lokacin nan matattara ce ta harsuna. Akwai Yarbawa, da Ibo, da Nufawa, da Hausawa, da Barebari, kowa an rabo shi da gida. Daga bakin irin waɗannan Hausawa ne wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya koyi Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843. Cikinsu ne kuma aka sami ma'aikatan da suka bi Crowther zuwa bakin Kwara daga baya.

ZUWANSA MAHAƊAR KOGUNA

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu hayaƙi su hau Kogin Kwara. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniya da sarakuna su bar sayar da mutane, a kawo ciniki na halal da noma a madadinsa. C.M.S. ta sa Schön da Crowther su bi ayarin. Aka sayi fili daga hannun Atta na Igala a gindin Dutsen Patti, aka kafa gonar gwaji. Wannan shi ne zuwan Crowther na farko wurin da Lakwaja take yanzu.

Tafiyar ta ƙare da baƙin ciki. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40, aka watsar da gonar. Amma C.M.S. ta koyi darasi, cewa in dai za a yi aikin bishara a cikin ƙasa, to, 'yan ƙasa ne za su yi shi. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843. Ya yi aiki a Abekuta tun daga 1846. A can ne, bayan shekara 25 da rabuwa, Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa da ƙannensa. Aka yi wa tsohuwar baftisma a 1848, aka sa mata suna Hannatu. A 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya yana bayyana mata halin da ƙasar Yarbawa take ciki.

Ya komo Kwara a 1854 cikin jirgin Pleiad, tare da wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna William Balfour Baikie. Wannan karon likitan ya sa kowa ya riƙa shan kwinin kowace rana, suka hau Binuwai suka komo ba wanda ya mutu. A 1857 suka sāke hawa cikin jirgin Dayspring. Crowther ya ajiye Rabaran J. C. Taylor a Anacha, ya kuma ajiye ma'aikata a Gbebe, wani gari a hayin kogi daura da Lakwaja. Da suka kai Jebba jirgin ya bugi dutse ya fashe. An ajiye ragowar injinsa a tashar jirgin ƙasa ta Jebba, yana cikin kayan tarihi na ƙasa. Suka daɗe a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Crowther bai zauna hannu rabbana ba, sai ya duƙufa ga koyon Nufanci. Ya buga littafin koyon karatun Nufanci a 1860, da na nahawu da kalmomi a 1864.

Shi kuwa Baikie, wajen 1860 ya kafa zango a gindin Patti da yardar Etsu Masaba na Bida. Ya buɗe kasuwa, yana yi wa mutane magani, yana fansar bayi, yana juya wasu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Har Kano ya je a 1862. Wannan zango ne ya girma ya zama Lakwaja ta yau. A Gbebe kuma, a watan Satumba na 1862, Crowther ya yi wa mutanen farko baftisma. Ita ce baftisma ta farko da mishan ta yi a ƙasar da daga baya aka kira Arewacin Nijeriya.

BISHOP A BAKIN KWARA

Sakataren C.M.S. na lokacin, Henry Venn, mutum ne mai hangen nesa. Ra'ayinsa shi ne ikilisiyar kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Shi ya matsa har aka naɗa Crowther bishop a babbar majami'ar Canterbury ran 29 ga Yuni, 1864. Shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan matsayi a ikilisiyar Angilikan. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Cikin waɗanda suka halarci naɗin har da Henry Leeke, wanda shekara 42 da suka wuce ya ɗauke shi daga jirgin bayi, yanzu ya tsufa ya zama babban hafsan sojan ruwa.

Da rikicin sarauta ya tashi a Gbebe har ya kai ga yaƙi, sai aikin mishan ya ƙaura ya haye zuwa Lakwaja a 1865. A nan aka kafa ikilisiya da makarantar Holy Trinity. Ba Bature ko ɗaya cikin ma'aikatan. 'Yan Saliyo ne, 'ya'yan waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi, irin su Rabaran T. C. John, wanda asalinsa Bahaushe ne. Masu bi na farko kuwa yawancinsu talakawa ne da bayin da aka fansa da kuɗi, daga ƙabilun Nufe, da Bunu, da Basa, da sauransu. Yaran da aka fansa su ne suka fara zama a kan bencin makarantar. Saboda haka ba mamaki da labarin Ƙarfen 'Yanci ya manne wa wannan harabar.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Kuɗi kaɗan ne. Bishop ba shi da jirgin kansa sai a 1878, dole ya jira jiragen 'yan kasuwa, waɗanda ba su hawa sai kogi ya cika. Sau da yawa sau ɗaya a shekara yake iya ganin ma'aikatansa. A 1867 wani basarake na ƙasar Igala mai suna Abokko ya tsare shi tare da ɗansa Dandeson, ya ce sai an biya fam 1,000 kafin ya sake su. Mataimakin jakadan Ingila da ke Lakwaja, William Fell, ya zo da jirgi ya kuɓutar da su, amma aka harbe shi da kibiya mai dafi, ya mutu. Wannan bai hana Bishop komawa kogin ba.

ZAMANSA DA SARAKUNAN MUSULMI

Akwai wani gefe na rayuwar Crowther da ya kamata mu da muke zaune a Arewa mu lura da shi ƙwarai. Lakwaja a lokacin nan tana ƙarƙashin ikon Etsu Nufe, Musulmi. Bishop ba shi da soja, ba shi da gwamnati a bayansa. Abin da yake da shi kawai shi ne ladabi da riƙon amana. Yakan hau Bida ya gai da Etsu Masaba, ya bi al'adar fada, ya ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. Tun yana saurayi a Saliyo ya gane gardama ba ta jawo kowa, saboda haka bai zagi addinin kowa ba. In aka yi masa tambaya, sai ya buɗe Littafi ya karanta, ya bar mai tambaya da tunani. Bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa ba. A 1872, a kan hanyarsa ta ƙasa daga Bida zuwa Ikko, ya tsaya a fadar Sarkin Ilori, malamai suka yi masa tambayoyi, ya amsa, aka rabu lafiya.

Wannan hali ya sa sarakuna suka amince da shi. Etsu Umaru Majigi ya yarda aka kafa tashar mishan a tudun Kipo, kusa da Egga. A cikin shekarun 1880 kuma, da barasar Turawa ta fara lalata mutanen Nufe, Etsu Maliki ya rubuta wasiƙa zuwa ga Crowther, yana roƙonsa ya isar da kuka ga Sarauniyar Ingila a hana kawo ta. Ku duba fa, sarki Musulmi ya rasa wanda zai amince wa da damuwar ƙasarsa sai bishop Kirista. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Da mun so mu ce ya ƙare kwanakinsa cikin girma da hutawa, amma ba haka ya zama ba. Henry Venn ya rasu a 1873. Zamani ya sauya. A 1879 George Goldie ya haɗa kamfanonin Ingila da ke ciniki a Kwara suka zama ɗaya, wanda a 1886 ya zama Kamfanin Royal Niger, ya ture 'yan kasuwa baƙaƙe daga kogin. Kwinin ya sa Turawa sun iya zama a ƙasar. Ra'ayin cewa baƙin mutum bai isa ya shugabanci kome ba ya yi ƙarfi a Turai, har ya shigo cikin mishan.

Gaskiya ne akwai rauni a aikin. Wasu ma'aikata sun yi laifi, wasu sun shiga ciniki saboda ƙarancin albashi, Bishop kuwa mutum ne mai taushin hali, tashoshinsa kuma suna nesa da juna. Amma maimakon a gyara, sai aka rushe. A 1890 wasu samari 'yan mishan daga Ingila suka sauka a Lakwaja ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Masu himma ne, amma ba su da haƙuri. Suka ce ikilisiyar da suka tarar ba ta da tsarki, suka hana mutane da yawa cin Jibin Ubangiji. A watan Agusta na shekarar aka yi taron kwamiti a Anacha. A gaban tsohon, wanda ya kai shekara 80, samarin da ba su kai sa'ar 'ya'yansa ba suka dakatar da fastocin da ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson. Bishop ya sauka daga shugabancin kwamitin. Bai ɗaga murya ba, bai kuma bar ikilisiya ba.

A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Su ma samarin ba su kai ƙasar Hausa ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Aka naɗa Bature a gurbin Crowther, kuma sai da aka yi kimanin shekara 60 kafin a sāke danƙa wa baƙin mutum dayosis a Nijeriya. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya amsa cewa an zalunce shi, ya nuna tuba a madadin ikilisiyar Ingila.

Abin da ya bari bai mutu ba. Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, wanda ya jagoranci fassararsa, an kammala shi a 1884. Ɗansa Dandeson ya riƙe ikilisiyoyin yankin Neja Delta har suka tsaya da ƙafarsu. Jikansa Herbert Macaulay yana cikin waɗanda suka fara fafutukar neman 'yancin Nijeriya. Ko kabarinsa ma bai tsira daga sauyin zamani ba, gama a 1971 gwamnatin Jihar Legas ta tashi makabartar Ajele inda aka binne shi, daga baya, a 1976, aka mai da ƙasusuwansa harabar babbar majami'ar Christ Church.

ABIN DA ALAMUN SUKE KOYA MANA

Lakwaja ba ta daɗe tana hedkwatar Turawa ba. Lugga ya koma Jebba, sa'an nan Zungeru a 1902, daga baya aka koma Kaduna. Garin ya zauna shiru shekaru da yawa, sai a 1991 ya zama babban birnin sabuwar Jihar Kogi. Baƙon da ya zaga alamunsa yau, in ba a yi masa bayani ba, zai ɗauka tarihin garin ya fara ne daga Lugga, kuma makaranta da bishara bayan bindigar Bature suka biyo. Rayuwar Crowther ta nuna ba haka ba ne. Shekaru da yawa kafin mulkin mallaka, baƙaƙen mutane ne suke koyarwa a wurin, da iznin sarki Musulmi.

Ya ku ɗalibai, dutse da ƙarfe ba su magana, sai wanda ya san labarinsu ya yi magana dominsu. Wanda zai yi maganar kuwa dole ya bincika. Ga misali, sau da yawa akan gaya wa baƙi cewa a bisa Dutsen Patti ne Flora Shaw ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar nan suna Nijeriya. Amma ta rubuta sunan ne a wata jaridar Landan a watan Janairu na 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugga ta zo ƙasar. Labari mai daɗi ba lalle ne ya zama gaskiya ba.

Ba Lakwaja kaɗai ke da irin waɗannan alamu ba. Akwai su a Zungeru, da Wusasa, da Ibi, da Fategi, watakila har a garinku: tsohuwar majami'ar laka, ko ƙararrawar da aka daina kaɗawa, ko kabarin wani mai bishara da ciyawa ta rufe. Muna roƙon ƙungiyar tarihi ta makaranta da matasan ikilisiya su ɗauki wannan aiki a lokacin hutu. Ku share wurin, ku kwafi sunaye da shekarun da ke jikin duwatsun, ku zauna da tsofaffi ku rubuta abin da suka sani tun suna da rai. Ku tambayi sunan ɗan ƙasar da ya yi tafinta, da wanda ya fara koyarwa, da wanda ya ba da fili, gama su ne aka fi mantawa. Abin da kuka tattara ku kawo wa malaminku na tarihi, domin a buga shi a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu irin haƙurin bawansa Samuel Ajayi Crowther. Amin.